Jinin ya tafi Kano, dattijon ya zauna a gida

Rubutun yau yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Maganar jini ce da ɓargo, da wata hanyar gwaji da likitocin duniya suka daɗe suna aiki a kanta. A ganina mu mutanen karkara muka fi kowa buƙatarta, kuma mu ne na ƙarshe da za ta iso wa idan muka yi shiru. Na san wani zai ce ana ta kuɗin taki da na makaranta, ga wannan ya zo da zancen da ko a Kano ba kowa ke yin sa ba. To, karanta tukuna.

Kowa a cikinmu ya san irin wannan majinyacin. Dattijo ne ɗan shekara sittin da wani abu, ko wata gyatuma, wanda bara waccan da hannunsa yake noma gonarsa. Sai aka ga ya fara haki daga gida zuwa masallaci. Tafin hannu ya yi fari, ido ya yi fari. A je kemis, a ce maleriya ce da taifot, a yi allura, a haɗo da maganin ƙarin jini na kwalba. Babu sauƙi. A kai shi asibiti a auna, a ce jini ya yi ƙasa sosai, a nemo leda biyu. 'Ya'ya da ƙanne su miƙa hannu, a ƙara masa, ya dawo gida garau har a yi ta barka da arziki. Bayan wata ɗaya da rabi an koma gidan jiya. A sake ƙari. A sayar da akuya, a sayar da buhun riɗi, a ƙarshe a taɓa saniya. Daga nan sai magana ta canza salo. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce jifa ne, wata ta ce ai mayu ne ke shan jinin. Wata rana sai a ga dasashi yana jini, ga zazzaɓi mai zafi da ba ya jin magani, cikin sati biyu ko uku a yi jana'iza. In ka tambayi abin da ya yi ajalinsa, amsar ɗaya ce: jininsa ne yake ƙonewa.

Ba duk mai irin wannan labari ne ke da cutar da zan yi magana a kai ba. Dalilan ƙarancin jini a ƙasarmu suna da yawa: maleriya, tsutsar ciki, tsargiya, rashin abinci mai gina jiki, ciwon ƙoda, tarin fuka, ƙanjamau, gyambon ciki mai tsiyaya a ɓoye. Su ya kamata a fara nema. Amma idan an bi su ɗaya bayan ɗaya an kore, jini kuma ya ƙi zama a jikin babban mutum, to tambaya ta koma kan inda ake yin jinin, wato ɓargo.

Eh, ɓargon nan dai da muke tsotsa a ƙashin miya. A jikin babba, wanda ke cikin ƙashin ƙugu da na baya da na ƙirji shi ke aikin. Yana fitar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu tsayar da jini idan an ji rauni, likitoci na ce musu filatilet. Jar ƙwaya ba ta wuce kamar kwana 120 take mutuwa, saboda haka ɓargo ba ya hutu, a kowane sakan yana fitar da sababbi sama da miliyan 2. Duk waɗannan daga wasu 'yan ƙwayoyi suke fitowa waɗanda za mu iya kira iri, kamar irin da manomi ke ajiyewa a rumbu. In irin ya lalace, gona za ta yi kore amma babu amfanin kirki. Wannan ita ce cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da MDS: ɓargo cike yake da ƙwayoyi, amma nakasassu ne, yawancinsu a ciki suke mutuwa kafin su fito. Ta fi kama waɗanda suka manyanta, a Turai da Amurka yawancin masu ita sun kai wajen shekara 70. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma mafi yawanta ba gadonta ake yi ba. Na jaddada wannan don kada a fara ƙin auren 'ya'yan gidan, kun san halinmu.

Me ke lalata irin? A cikin kowace ƙwaya akwai wasu kundaye 46 masu ɗauke da umarnin yadda za ta rayu da yadda za ta hayayyafa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Su ake kira kromosom, kuma an ba su lamba. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe su kaf. Shekara sittin, saba'in ana kwafa, wata rana sai hannu ya goce. Wani kundi ya rasa wani sashe, wani ya ɓace ɗungurungum, wani ya zama uku maimakon biyu. Kusan rabin masu MDS ana samun irin wannan canji idan an duba. Kuma ba duka suke ɗaya ba. A 1974 wani likita ɗan Beljiyam, Herman Van den Berghe, ya bayyana majinyatan da doguwar kafaɗar kundi na 5 ta gutsure musu. Idan wannan ne kaɗai matsalar, cutar takan yi tafiyar hawainiya. Amma idan guda ɗaya cikin kundi na 7 ya ɓace, ko aka tarar da ɓarna uku ko fiye a lokaci guda, to wannan mai gaggawa ce.

Gaggawa zuwa ina? Zuwa sankarar jini. Kusan mutum ɗaya cikin uku masu MDS cutar takan rikiɗe musu ta koma zazzafar sankarar jini mai suna AML. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne, idan ɗanyun ƙwayoyin da ba su nuna ba suka kai kashi 20 cikin 100 a ɓargo ko a jini, an tsallaka. Manoman dawa za su fi kowa gane wannan. Wuta-wuta ba ranar da ka ga furenta a gona ta fara ɓarna ba, ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa manne da saiwa tana tsotsa. Haka lalataccen irin nan yake, yana ƙara tara kuskure a kan kuskure a ɓoye. Ranar da jini ya ɓalle a hanci da dasashi, furen ne ya fito. Duk ilimin da nake magana a kai, na leƙa ƙarƙashin ƙasa ne kafin furen ya fito.

Likitocin jini sun yi wa abin ma'auni tun 1997, suka gyara shi a 2012 bayan sun bi bayanan majinyata sama da 7,000, sannan a 2022 suka ƙara masa binciken wasu ƙwayoyin gado guda 31. Ana haɗa yanayin kromosom da yawan ɗanyun ƙwayoyi da yadda jini ya yi ƙasa, sai a sa mutum a aji. A lissafin 2012, waɗanda ke ajin mafi sauƙi, rabinsu sun kai kusan shekara 9 a raye bayan gano cutar. Waɗanda ke ajin mafi tsanani, rabinsu ba su cika shekara ɗaya ba. Ku dubi tazarar nan. Suna ɗaya, alamomi kusan ɗaya, leda biyun da ake ƙarawa ɗaya, amma wannan yana da shekaru a gabansa in Allah Ya so, wancan kuwa kwanaki sun matso. Mu a nan dukansu biyun abu ɗaya muke yi musu: a ƙara jini, a koma gida, a jira.

Kafin wani malami ya taso mini, wannan ba duba ba ne, ba kuma shiga gaibu ba ne. Ajali na hannun Allah, babu na'urar da ta san ranar wani. Amma wanda ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanya, babu mai cewa ya yi bokanci.

To ina gizo ke saƙar? Hanyar da aka saba duba kromosom ita ce ta zuƙo ɓargo. Majinyaci ya kwanta, a kashe wurin da allura, a soka wata ƙatuwar allura a bayan ƙashin ƙugu a zuƙo. Aikin ba ya ɗaukar lokaci kuma ƙwararru suna yin sa lafiya, amma da zafi, kuma sai inda akwai likitan jini. Sau ɗaya kowa zai daure. Matsalar ita ce cutar ba a tsaye take ba, tana canzawa, don haka ana son a riƙa leƙawa lokaci zuwa lokaci. Yanzu ka ɗauki dattijon da ke haki daga ɗaki zuwa zaure. Daga Kangire a fito da shi titi, a bi ta Kwanar Huguma da Wudil har Kano, da mai rakiya, wataƙila da kwana. Kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba sai na faɗa muku ba. Sau nawa za a yi wannan a shekara? Gaskiya sau ɗaya ne, in ma an yi. Na biyun, tsohon da kansa zai ce a ƙyale shi ya mutu a ɗakinsa.

A nan ne aikin wasu likitoci na Jami'ar Gotingen a Jamus ya burge ni, ƙarƙashin Farfesa Detlef Haase da abokiyar aikinsa Friederike Braulke. Tun wajen 2010 suke wallafa sakamakonsa. Sun lura cewa 'yan kaɗan daga ƙwayoyin irin nan sukan fito daga ɓargo su yi yawo a cikin jini. Sai suka ce, me zai hana mu kamo su a can? A ɗebi jini a hannu kamar yadda ake ɗiba kullum. A ɗakin gwaji a zuba wasu 'yan ƙananan ƙwallaye masu jin maganaɗisu, waɗanda ke manne wa ƙwayoyin iri kawai saboda wata alama da ke jikinsu mai suna CD34. A ja su gefe da maganaɗisu. Sannan a ɗiga musu rini mai ƙyalli wanda kowane launi yake neman wani kundi na musamman ya manne masa. A duba a madubin likita: inda ya kamata a ga ɗigo biyu aka ga ɗaya, an san wani abu ya ɓace. Inda aka ga uku, an san ya ƙaru. Sunan wannan rini a taƙaice FISH, amma ba ruwansa da kifi. Asibitoci daban-daban na Jamus suka riƙa aika musu jinin majinyata a kai a kai, suka ga abin da jini ke nunawa yana dacewa sosai da abin da ɓargo ke nunawa. Idan sabon canji ya ɓullo wanda babu shi a gwajin baya, alama ce cutar ta ƙara wuta, likita ya sake shiri. Yau kuma an ƙara gaba, ana karanta ƙwayoyin gadon kansu daga jinin hannu.

Kada a ɗauka gwajin jini ya kori na ɓargo. A farko dole a zuƙo ɓargo, domin a nan ne ake ganin siffar ƙwayoyin a kuma ƙirga ɗanyun. Rinin nan kuma abin da aka aike shi nema kawai yake gani, in ɓarnar tana wani kundin da ba a sa masa rini ba, zai wuce ta. Kuma idan jini ya nuna wani sabon abu, sau da yawa likita zai ce a koma ɓargo a tabbatar. Amfaninsa a tsakanin ne, a watannin da babu wanda ke leƙa komai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Bajamushen da asibiti ke bayan gidansa, jirgin ƙasa na tsayawa a ƙofarsa, shi aka sauƙaƙa wa. Mu da tafiyar ce ke kashe mu fa? Kwalbar jini ba ta haki, ba ta buƙatar mai rakiya, ba ta biyan kuɗin kujera biyu. Akwatin sanyi ɗaya zai ɗauki na mutum talatin.

Kada kowa ya ce mini ba za a iya ba a Nijeriya, don mun riga mun yi wanda ya fi shi wuya. Shekara da shekaru, duk yaron da ƙafarsa ta saki a kowane lungu na Gwaram ko Buji, ana zuwa a ɗebi bayan gidansa sau biyu, a sa a akwatin ƙanƙara, a kai shi ɗakin gwajin shan inna na Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana uku. Da wannan aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Haka ake ɗaukar majinar masu tari a babur zuwa inda na'ura take, haka ake ɗiga jinin jarirai a takarda a aika gwajin ƙanjamau. Hanyar tana nan, masu babur suna nan, akwatunan suna nan. In kashin yaro zai iya zuwa Maiduguri a kan lokaci, me ya hana jinin kakansa zuwa Kano?

Akwai ma misali a cikin dangin sankarar jinin kanta. Wata iri mai suna CML, ita ce ta farko da aka gano tana da alaƙa da kromosom, a birnin Filadelfiya a 1960. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kundi na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. A 2001 aka amince da ƙwayar magani mai suna imatinib wadda ke toshe ɓarnar kai tsaye, cutar da a da take kashewa cikin 'yan shekaru ta koma wadda ake rayuwa da ita kamar hawan jini. Tun 2003 ake ba da wannan magani kyauta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ta hanyar kamfanin Novartis da gidauniyar Max. Ile-Ife fa, ku auna nisan daga nan. Yadda ake bin masu wannan cuta kuwa, da jinin hannu ne, kamar duk wata uku. Kuma na'urar GeneXpert, wadda ake gwajin tarin fuka da ita a asibitocin ƙasar nan, wadda aka juya ta yi gwajin korona a 2020, tana iya wannan gwajin idan aka sa mata kwanson da ya dace. Ita gidauniyar Max ma har ta yi shiri da wata cibiyar bincike a birnin Siyatil na Amurka, inda ake busar da ɗigon jini a takarda a aika ta gidan waya. Ga MDS abin ya fi haka wahala, jini ɗanye ake so kuma sai ƙwararren ɗakin gwaji. Amma dabarar ɗaya ce.

Yanzu ga tambaya mai nauyi, wadda na san abokaina ma'aikatan lafiya za su jefo: to an gano, sai me? Ina maganin? Gaskiya ce mai ɗaci. Abin da ke warkar da MDS gaba ɗaya shi ne dashen ɓargo. An fara yin sa a Nijeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Benin, a hannun Dakta Nosakhare Bazuaye, don mai sikila, Legas ma ta fara a 2024. Amma kuɗinsa ba na talaka ba ne, kuma jikin ɗan shekara saba'in ba ya ɗauka. Akwai allurar azasitidin da ake yi kwana 7 a kowane wata, tana jinkirta cutar, ba ta kawar da ita. Duk da haka ban yarda cewa sanin bai da amfani ba. Mai gutsurarren kundi na 5 yana da magani na musamman, lenalidomid, wanda Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2005, kuma a gwajin da aka yi kusan biyu cikin uku sun daina buƙatar ƙarin jini. Yanzu kamfanonin Indiya suna yin sa, farashi ya sauko. Ka lissafa ledojin jini na shekara biyu da kuɗin mota da na gado, ka gani wanne ya fi tsada. Amma ba za a ba ka shi ba sai an san kundi na 5 ne, kuma haɗari ne babba ga mai ciki, ba na saye a kemis ba ne.

Wanda kuma aka ga tasa mai sauƙi ce, an cire masa fargaba, an tsara masa ƙarin jini kafin ya faɗi, ba sai an kwaso shi ranga-ranga da tsakar dare ba. Wanda aka ga tasa ta yi nisa, iyali sun san gaskiya. Ba za a sayar da gonar marayu a kai wa mai cire jifa ba, ba za a zargi kishiya ko maƙwabciya da maita ba. Wallahi gidaje nawa ne zumunci ya tsinke a kan ciwon da ke cikin ƙashi? Shi kansa dattijon zai samu sarari ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda zai nema. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin Musulmi.

Sai masu cewa mata na mutuwa wurin haihuwa, yara na mutuwa da maleriya da tamowa, wannan ai kwalliya ce. Na yarda da su a kan abin da ya kamata ya zo farko, shi ya sa ban ce a gina ɗakin gwajin kromosom a Kangire ba, ko a Birnin Kudu ma. Guda ɗaya mai aiki da gaske a Asibitin Malam Aminu Kano ko a Shika ya ishi jihohi da dama. A yanzu wurare ƙalilan ne ke wannan gwaji a ƙasar nan, sau da yawa ma waje ake tura samfurin, da dala. Abin da ke kanmu a Jigawa shi ne matakin ƙasa, kuma wannan matakin mai haihuwa da yaro mai maleriya su ma za su ci moriyarsa.

Matakin ƙasa shi ne a daina tsayawa a kan PCV kaɗai. PCV yawan jan jini kawai yake faɗa. Akwai cikakken ƙidayar jini, ma'aikata na ce masa FBC, wanda ke nuna jajaye da farare da filatilet, har da girman ƙwayar. Wannan girman yana da magana: rashin sinadarin ƙarfe ƙanƙantar da ƙwaya yake yi, MDS kuwa sau da yawa ƙato take mayar da ita. Sai a shafa ɗigon jini a gilashi wani ƙwararre ya duba da idonsa. Duk babban da aka ƙara wa jini sau biyu cikin 'yan watanni ba tare da an ga inda yake zuba ba, haƙƙinsa ne a yi masa waɗannan biyun, kuma a ɗebi na gwajin kafin a ɗaura sabuwar leda, don kada jinin wani ya rufe hoton. Ku tambaya da ladabi, ku ajiye kowace takardar sakamako a leda ɗaya da kwanan wata. Likitan jini a Kano zai fi karanta takardu biyar a jere fiye da bayanin baki na awa guda.

Maganin ƙarin jini na kwalba kuma, a yi hattara. Kowace ledar jini tana ɗauke da ƙarfe kamar miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma ba shi da hanyar zubar da rarar. Wanda aka yi wa ƙari sau ashirin, ƙarfe ya riga ya fara taruwa a hanta da zuciya. A ce kuma ana ɗura masa wani a cokali safe da yamma, da kyakkyawar niyya ake ƙara masa ciwo.

Bari in ɗan ratse kan abin da ke jawo ta, don akwai wanda ke hannunmu. Yawanci tsufa ne kawai. Amma sinadarin benzin da ke cikin fetur an tabbatar yana lalata ɓargo yana kuma jawo sankarar jini. Tun daren 15 ga Oktoban 2024 da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ci sama da mutum 150, Allah Ya ji ƙansu, duk ɗan Jigawa ya san fetur na kisa farat ɗaya. Wanda ba a magana a kai shi ne na sannu a hankali. Yaranmu 'yan bumburutu da ke zuƙo mai da tiyo a baki, bakanike da ke wanke hannu da fetur kullum, mai feshin gona ba takunkumi ba safar hannu iska na dawo masa da shi fuska. Ga kuma kuloramfenikol da ake sha barkatai da sunan taifot, wanda a wasu mutane ƙalilan yakan kashe ɓargo gaba ɗaya.

Gargaɗi ɗaya kafin 'yan kasuwa su riga mu. Kun san masu yawo da kwamfuta a ranar kasuwa, ka riƙe wani ƙarfe minti biyu a zayyano maka cuta goma sha biyu, maganin kuma yana cikin jakarsu. Gobe za su ƙara da "gwajin kromosom". Ƙarya ce. Kuma ko gwajin gaskiya ba na mai lafiya ba ne. A 2014 manyan bincike biyu sun nuna cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka haura shekara 70 suna ɗauke da irin waɗannan canje-canje a jininsu, lafiyarsu ƙalau, kuma bai fi ɗaya cikin ɗari ba ne a shekara abin ke zame wa cuta. In ka bi kowane tsoho da gwaji, tsoro kawai za ka raba. Na wanda jininsa ya riga ya nuna matsala ne, a hannun likitan jini.

Ga waɗanda muka zaɓa, daga kansila har 'yan majalisar jiha da na tarayya masu wakiltar Birnin Kudu da Buji da Gwaram, da Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi. Muna da FMC a Birnin Kudu, muna da Rasheed Shekoni a Dutse da ya zama asibitin koyarwa, muna da hukumar JICHMA ta taimakekeniyar lafiya. Farfesa Muhammad Ali Pate da aka ba ma'aikatar lafiya ta tarayya a 2023 ɗan Misau ne, maƙwabcinmu, ya san irin hanyoyinmu. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, da sankarar mama da ta mahaifa da ta mafitsarar maza aka fara shi, ta jini ba ta ciki. Ya kamata wani ya tashi a majalisa ya tambayi dalili. A jiha kuma roƙon bai kai kuɗin kwalbati biyu ba: a tabbatar na'urar FBC tana aiki da sinadaranta a kowane babban asibiti, a sa gwajin cikin abin da JICHMA ke biya wa tsofaffi, a ware rana ɗaya a wata da likitan jini zai zauna a Birnin Kudu, a kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da Kano ta yadda akwatin sanyi zai tashi ranar Litinin, sakamako ya dawo ta waya. Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024, mutanenmu sun riga sun yarda cewa jini na faɗin abin da ido ba ya gani, ba sai an sha wahalar wayar da kai ba.

Matasan Kangire kuma, ƙungiyoyinmu na ci gaban gari da na ɗalibai, akwai namu aikin da ba ya jiran kowa. Mai irin wannan ciwo zai buƙaci jini duk wata ko wata biyu, 'yan gidansu kuma ba za su iya ba, don lafiyayyen namiji sai bayan kamar wata uku yake sake bayarwa. A buɗe rajista, suna da rukunin jini da lambar waya, a ba mutum biyu amintattu su riƙe. Wanda zai shiga ya rubuta unguwarsu a ƙasa, ranar Juma'a bayan an sauko sai mu haɗu mu tsara.